Ranar da Yagana Ta Hana a Ɗauko Mijinta

Akwai wani mai Keke Napep a Ƙofar Wambai, sunansa Sabitu. Wata safiya ya ɗauko kaya daga kasuwar Muda Lawal, sai tipar yashi ta ƙwace wa direba ta yi ciki da shi. Ƙafarsa ta dama ta dagargaje. Likita ya ce in ba a yi aiki da wuri ba sai dai a yanke ta, ya kuma ja kunnen matar Sabitu, Yagana, kada a kuskura a motsa shi daga gadon.

Yagana ba ta da ko sisi, sai 'yan unguwa suka sa ranar gidauniya. Alhaji Ɗanlarai dillalin filaye ya karɓe shugabancin kwamiti da ƙarfin tsiya, kowa kuwa ya san kansila yake nema. Ya yi hayar rumfa da lasifika, ya buga fosta hotonsa ya fi na majinyacin girma. Kai, wani mutum sai Allah!

Ana gobe taro ya je asibiti, ko ya jiki bai ce ba. Wai za a ɗauko Sabitu a a-kori-kura, a shimfiɗe shi gaban rumfa a buɗe ƙafar, don mutane ba sa taɓa aljihu sai sun ga jini. Yagana ta faɗa masa gargaɗin likita cikin ladabi. Ya daka mata tsawa a gaban marasa lafiya, ya kira ta matsiyaciya mai girman kai.

"Ko ki bari a kawo shi, ko in cire hannuna. In aka yanke ƙafar nan, ke kika yanke."

Maganar ta soke ta ƙwarai. Shi kansa Sabitu, da azaba ta ishe shi, cewa ya yi a kai shi kawai. Tsoro ya kama ta, amma da samarin Alhaji suka iso da katifa washegari, ta tare ƙofa ta ce sai dai su bi ta kanta.

Bayan la'asar ta isa filin taro. Ta tarar Ɗanlarai riƙe da lasifika yana yi mata terere, wai matar ta ɓoye mijin, ƙila ciwon bai kai yadda ake faɗa ba, kuɗin jama'a take so ta lamushe. Wuri ya ɗauki tsaki da harara, wasu har sun miƙe za su tafi. Ya hana ta lasifikar, sai ta ɗaga murya.

"Jama'a, mijina ba kayan talla ba ne. Yana kwance a asibiti. Mai son ganinsa ya je dubiya kamar yadda muka saba."

Sai Funmilayo mai shagon kayan masarufi ta miƙe, ta ce ita ta je ta gani da idonta, wanda ya ce ƙarya ne ya ji tsoron Allah. Abokan sana'ar Sabitu suka tayar da kekunansu, suka ce duk mai zuwa dubiya ya hau kyauta.

Haka aka yi ta jigila. Mutane suna shiga kaɗan-kaɗan, su yi masa sannu, su cusa abin da ya sawwaƙa ƙarƙashin matashinsa, babu mai shelar sunan kowa. Ɗanlarai kuwa yana can yana zage-zage, daga shi sai mai hoto da kujeru.

A makon aka yi aikin. Yau Sabitu yana ɗingishi, amma da ƙafafunsa biyu yake zuwa masallaci.

Darasi: Taimakon da sai an tozarta mabuƙaci kafin a ba shi, cin mutunci ne. Ku kare mutuncin majinyaci ko da za a zage ku. Ku tura wa 'yan kwamitin unguwarku su ma su karanta.