Kwana Tara Bayan Garanti

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, kuma a nan cikin Maraɗi aka yi shi, ba a wata ƙasa mai nisa ba. Ba zan kama sunansa ba, don kama suna giba ne, ni kuwa na tsufa da ɗaukar zunubin wani. Iyakar abin da zan ce, kantinsa na sayar da tele, wato talabijin, yana bakin babbar kasuwa, ƙofarsa mai koren fenti, shi kuma yana da haƙorin Makka guda ɗaya a sama. Kun dai shaida ban faɗi suna ba.

Mutumin nan shi ne babba a ɗakinsu. Tun da mahaifinsu ya rasu, shi ne bakin dangi. In za a je neman aure, shi ake sa wa gaba. In za a ɗaura, shi ke karɓa. Wannan girma ya fi masa kantin daɗi nesa ba kusa ba. A taɓa masa dukiya yana iya haƙuri, amma a yi taron dangi wani ya riga shi buɗe baki, ranar ko tuwo ba ya ci.

To ga yadda yake sana'arsa. Yakan sayo tsofaffin tele da suka gama shan wahala a wasu ƙasashe, ya ba Idirisa mai yi masa gyara. A lallaɓa su, a goge, a sa a sabon kwali, a liƙe. Shi Idirisa in ya buɗe bayan tele ya duba cikinta, yakan gaya wa maigidansa gaskiya: wannan za ta yi wata bakwai, waccan takwas in kuran, wato wutar lantarki, bai yi mata wasa ba. Sai Alhajin ya ɗauko takarda ya rubuta garanti na wata shida, ya buga hatimi. Kun gane lissafin? Ya auna ranar mutuwarta, ya tsai da alkawarinsa gab da ita.

Ana nan sai ga wani dattijo daga Jiratawa, Malam Jibo, manomin zogale. Tsoho ne mai son kokowa kamar ransa. Shekara da shekaru a rediyo yake jin ta, sai ya ce kafin ya mutu yana so ya ga kaye da idonsa, a zaurensa, shi da maƙwabtansa. Ya sayar da amfanin garkarsa, ya zo ya sayi tele wurin Alhajin, irin mai faɗin nan marar ƙeya. Aka ba shi takarda, ya ninke ya sa a aljihu.

Bayan wata shida da 'yan kwanaki, saura kwana uku a fara kokowar ƙasa, tele ta yi ɗif. Murya na fita, hoto babu. Washegari muryar ma ta bi hoton.

Malam Jibo ya naɗe ta a zanen matarsa, ya hau babur ɗin kabu-kabu, ya rungume ta a ƙirji kamar mai kai jinjiri likita. Ya iso kanti da hantsi, kasuwa ta cika. Ya yi sallama, ya miƙa takarda, ya ce shi ba sabuwa ya zo nema ba, a dai taimaka a duba masa ita.

Alhajin ya ware takardar, ya ɗaga ta sama yadda maƙwabtan kanti za su gani, ya karanta kwanan watan da ƙarfi da Faransanci, sannan ya ce, "Baba, garantin nan kwanansa tara da rasuwa. Har sadakar bakwai an yi, sai yanzu ka zo gaisuwa?"

Aka tuntsire da dariya. Har mai kabu-kabun da ya kawo tsohon sai da ya dara.

Tsohon bai yi fushi ba. Ya bari dariyar ta lafa, ya ce, "Alhaji, abu ɗaya zan tambaye ka. Ranar da ka sayar mini da ita, ka san ba za ta daɗe ba?"

Alhajin ya ce, "Ni na halicce ta da zan san ranar mutuwarta?"

A'uzubillahi. Idirisa yana daga can ciki, ya sunkuyar da kai kamar wani abu ya faɗi masa a ƙasa. Malam Jibo ya ninke takardarsa, ya mai da zane ya rufe telensa, ya koma Jiratawa. Kokowar shekarar a rediyo ya ji ta, kamar kullum.

Ya 'yan uwa, wata biyu kacal aka yi. Ƙanin Alhajin, Ya'u, ya zo ya durƙusa ya ce ɗansa Inusa ya ga ɗiya a Tsibiri, sunanta Tahira, kuma sun daidaita. Ubanta ya rasu, uwarta ta ce ba ta da ta cewa, a je wurin baffan yarinyar, shi ne waliyyi. Ya'u ya ce, "Yaya, ranar Juma'a mai zuwa za ka ja mana gaba. Jiratawa ne, gidan wani Malam Jibo mai zogale."

Alhajin yana riƙe da kofin shayi, ya ajiye shi bai kurɓa ba. Sunan bai ɓace masa ba, don da hannunsa ya rubuta shi a takarda. Ya tambaya ko Jibo nawa ne a Jiratawa. Ya'u ya ce mai zogale dai ɗaya ne, kowa ya san shi, tsoho mai son kokowa.

Kwana bakwai Allah ya ba shi. Kwana bakwai cur. Mene ne wuya a ciki? Ya ɗauki tele ta ƙwarai, ya je ya ce, "Baba, na zalunce ka, ka yafe mini." Da an wuce wurin. Kuma kada ku ce bai yi tunanin haka ba. Sau biyu yana sauke sabuwar tele daga kan kanta, sau biyu yana mai da ita. Ranar Laraba har ya sa ta a bayan mota, ya kama hanya, ya fita gari. Da ya hango garaken Jiratawa sun yi kore shar, sai zuciya ta ce masa: kai Alhaji guda, ka durƙusa wa mai zogale? In labari ya zo kasuwa fa? Ya juya kan mota.

Bai gaya wa Ya'u ba. Bai ce a tura wani a madadinsa ba, don wannan ma a ganinsa faɗuwa ce. Sai ya ɓullo da wata dabara. Mutumin da bai taɓa naɗa rawani ba, ranar Juma'a ya fito da rawani, ya ja amawali ya rufe baki har hanci, ya ɗora baƙin tabarau. Dattawa biyu da za su raka shi suka dube shi suka dubi juna. Ya ce mura ce ke damunsa.

Suka isa bayan an sauko daga masallaci. Malam Jibo ya tarbe su da fara'a, ya shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi iyali. Alhajin yana amsawa ƙasa-ƙasa. Amma al'ada ba ta san mura ba. Babba shi ke faɗin abin da ya kawo su, ba wanda zai faɗa masa. Dole ya gyara murya ya ce sun zo ne a madadin ɗansu Inusa, suna neman iri a wannan gida mai albarka.

Tsohon ya karkata kai yana saurare, irin sauraron wanda ya shekara arba'in da rediyo a kunne. Da Alhajin ya gama, sai ya ce madalla, amma baƙo ba ya magana da ƙishi, bari ya kawo ruwa. Ya tashi da kansa ya shiga cikin gida.

Da kansa kuma ya dawo, hannu biyu, ɗauke da wani baƙin faranti mai faɗi. A kai ga kwanon ruwa, ga kwaɗon zogale ya sha ƙuli-ƙuli. Ya ajiye shi a gaban Alhajin, daidai gwiwarsa.

Telen ce. An cire mata ƙafa, an kwantar da ita. A gefenta ga 'yar takardar kantin nan a manne, da suna da lambar waya, tana kallonsa.

Malam Jibo ya ce, "Bismillah. Ku yi haƙuri da farantin, ba mu da wanda ya fi shi tsada a gidan nan."

Yaya mutum zai sha ruwa da amawali a baki? In ya ƙi sha, ya raina gidan da ya zo roƙo. Dole ya sauke amawalin. Ya buɗe baki zai kurɓa, haƙorin Makka ya yi walƙiya. Wallahi wanda ya ba ni labarin yana wurin, ya ce kana jin ruwan na wucewa a maƙogwaronsa kamar tsakuwa.

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ba dattawan nan biyu labarin tun daga farko, bai ƙara ba bai rage ba, har da sadakar bakwai. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Sannan ya juyo ya ce:

"Alhaji, Tahira marainiya ce, amanar ɗan'uwana. In na ba ka ita, wata nawa za ka rubuta mini? In ta kwanta ciwo kwana tara bayan nan, wace amsa zan samu a ƙofarka?"

Idon Alhajin na kan kwaɗon zogale.

Malam Jibo ya ce ya yi bincike a kan Inusa, yaron kirki ne, ba zai hana shi mata don laifin wani ba. Amma ba zai damƙa amana a hannun da ya riga ya gwada ba. Su koma su turo wani. Wannan dai kada ya nema, kada ya karɓa, kada ya zauna a sahun ɗaurin auren.

Suka kama hanyar dawowa. Rawanin yana kan cinyar Alhajin a dunƙule.

Kun san matan Jiratawa da ke kawo zogale Maraɗi kowace safiya? To ba zogale kaɗai suke kawowa ba. Kafin azahar ta Asabar, daga masu tumatir har 'yan atamfa babu wanda bai ji labarin faranti ba. Ni ma a nan na fara ji, ban nema ba, kunnena aka same shi a buɗe.

Sai mutane suka fara tunawa. Wannan ya ce tasa wata bakwai ta yi. Wancan ya ce tasa ma haka. Ashe kowa ya yi shiru ne yana zaton rashin sa'arsa ce shi kaɗai. Suka riƙa ɗauko matattun telensu daga ƙarƙashin gado suna jerawa a ƙofar kantin, har hanyar shiga ta toshe. Magana ta kai gaban sarkin kasuwa. Aka kira Idirisa, aka ce ya ji tsoron Allah ya faɗi abin da ya sani. Ya faɗa duka. Dattawan kasuwa suka ce takarda ba ta wanke wanda ya san aibi ya ɓoye, kuma tsohon kaya a sabon kwali yaudara ce tun ranar ciniki. Aka ce ya canza wa kowa tasa. Kayan kirkin da ke kantin a nan suka ƙare. Sababbin masu saye kuwa, wa zai shiga? Kafin damina ta faɗi aka rufe koriyar ƙofa.

Duk wannan bai kai masa zuci kamar ranar ɗaurin aure ba. Autansu Abdulmutallib, wanda shi Alhajin ya goya a bayansa, shi ya sa babbar riga ya karɓi auren Inusa. Motoci suka taru a ƙofar gidan Ya'u, katanga ɗaya ce tsakanin gidan da na Alhajin, yana daga ciki yana jin ana kiran kowa ya shiga mota. Ba a kira shi ba. Da yamma aka aiko masa da goro biyu da dabino a 'yar leda, irin wanda ake aika wa maƙwabci.

Yana nan da ransa. Masallaci yakan bari sai an ta da salla ya shiga, ya tsaya a sahun baya, ana sallamewa ya nemi takalmansa.

Ya 'yan uwa, me ya kai shi? Tele guda ce ta rushe shi? A'a. Ya ɗauka haƙƙin mai saye yana ƙarewa ranar da takarda ta ƙare. Takarda mutum ya rubuta ta, shi ya zaɓi kwanan watan. Mala'ikun da ke kafaɗarka ba da kwanan watanka suke aiki ba. In ka san kayanka na da aibi, faɗa. In tsoho ne, ce tsoho ne, mai so zai saya a haka. In wanda ka sayar wa ya dawo da kuka, ko garanti ya wuce, saurare shi, duba masa, kada ka mai da shi abin dariya. In kuma ka riga ka yi zalunci, Allah ya ba ka kwana bakwai, to kada ka juya mota.

Ku ma masu saye, ku daina ɓoye matattun kaya ƙarƙashin gado kuna cewa ƙaddara. Ku adana takardarku, ku tambayi maƙwabta ko abin ya same su, ku je wurin manyan kasuwa ku yi magana. Shirunku shi ya ciyar da mutumin nan shekara da shekaru.

Allah ka tsare mu da cin haƙƙin mutane. Ka ba mu ƙarfin cewa "na yi kuskure" tun ƙofa na buɗe. Ka rufa mana asiri a gaban surukai da gaban mala'iku. Shi ma bawan naka, in ya tuba, ka karɓa. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.