Kumfa Mai Wanki da Safa Huɗu

A bakin wani layi, tsakanin shagon mai faci da na mai sayar da katin waya, akwai wani mai wanki da guga da kowa ke kira Kumfa. Ba don sabulu aka laƙaba masa sunan ba. Kuɗi ne a hannunsa suke kamar kumfa: da safe su taso su cika bokiti, kafin la'asar ka leƙa ka tarar da ruwa zalla. Mutum ne mai ƙwazo, gugarsa kuwa har karin wando yana iya yanka yatsa. Aibinsa ɗaya ne: in abu ƙarami ne, ba ya ɗaukarsa a matsayin kashe kuɗi. Maganarsa kullum ita ce, "To nawa yake?"

Shekara guda ke nan da ya karɓi injin wanki a wurin wani mai sayar da kayan lantarki, a kan zai riƙa biya wata-wata. Watanni huɗun farko ya biya lafiya. Daga nan lissafi ya rikice. Ya ci bashin mai faci ya biya mai sabulu, ya ci na ƙanin matarsa ya biya mai faci, ya koma ya karɓi sabulu bashi. Wata rana har ya je wurin mai shayi ya ce ya ranta masa dubu biyu zai biya wani.

Mai shayi ya ce, "Wa za ka biya?"

Kumfa ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa, sannan ya ce, "Ina jin kai ne."

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, aiki bai ragu ba. Kaya suna shigowa, injin yana juyi tun safe. Sai ya yanke cewa aljihunsa ne ya huje. Sau uku yana kai wa tela wando ɗaya. A na ukun tela ya zura hannu ya juyo aljihun waje, ya ce, "Malam, aljihun nan ko allura ba za ta fita ba. Ta saman da kake zura hannu suke fita, ita kuwa in na ɗinke ta za ka ce na ɓata maka wando."

Ana nan, ran wata Litinin, mai kayan lantarki ya zo da kansa, biro a maƙale a kunne. Bai zauna ba. Ya dafa injin kamar mai gaisawa da ɗansa da ya daɗe bai gani ba.

Ya ce, "Kumfa, dubu sittin suka rage, kuma wata takwas ban ga ko sisi ba. Na ba ka wata biyu. Ranar da suka cika zan zo da mai kura. Ko in tafi da kuɗi, ko in tafi da inji."

Kumfa ya san abin da hakan ke nufi. In injin ya tafi, otal ɗin da ke ba shi zannuwan gado zai koma wani wuri, shi kuma ya koma durƙuso a gaban baho yana cuɗa da hannu, da bayan nan nasa da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Da yamma ya koma gida ya zauna a bakin gado, ya rafka tagumi. Matarsa ta ajiye masa ruwa, ta dube shi.

"Maigida, wa ya mutu?"

"Ni ne, saura a sanar." Ya kwashe labari ya gaya mata. Ya ƙara da cewa, "Ni fa abin nan ya fi ƙarfin kaina. Ba na caca, ba na shan komai, riga ɗaya nake sawa kamar ɗan makaranta. Ko dai wani ne yake ɗauke mini kuɗi?"

Ta ce, "Ƙwarai kuwa. Na ma san ɓarawon. Jira ni."

Ta sunkuya ƙarƙashin gado ta jawo wani babban gwangwanin madara, ta zazzage shi a kan tire. Ƙara ta cika ɗakin. Murafan kwalaben lemo ne tuli, da katunan waya da aka kankare, da ledojin biskit, da takardun alawa.

To, ga yadda abin yake. Kumfa ba ya yarda a yar da ko tsinke a gaban shagonsa, saboda fararen kayan da yake shanyawa. Duk wanda ya buɗe lemo, shi zai tsince murfin ya jefa a aljihu. Kuma duk da yana wanke wa rabin unguwa kaya, nasa matarsa ce ke wankewa a gida. Wata guda cur tana zazzage aljihunsa a gwangwanin nan, tana jiran ranar da zai tambaya.

Kumfa ya ce, "Wannan sharar fa?"

"Kuɗinka ne. Ga su nan sun dawo, sai dai sun rame."

Suka zauna suna ƙirgawa. Murafai casa'in da shida. Kumfa ya ce ba zai yiwu ba, a sake. Aka sake, suka zama casa'in da bakwai, don ɗaya ya gangara ƙarƙashin ƙafarsa.

"Ni kaɗai na sha duk wannan? Ai da yanzu an kwantar da ni asibiti!"

"Kai da 'yan bencinka. Su Dogo da suke zuwa taya ka hira, wa ke saya musu?"

"To nawa yake..."

"Lissafa mana mu ji nawa yake."

Ya lissafa. Lemo kaɗai ya haura dubu ashirin. Kati ya kusa takwas. Biskit da alawa suka kawo biyar. Ya riƙe kai da hannu biyu, ya sake lissafawa daga ƙarshe zuwa farko ko za su ragu, suka ƙi.

Matar ta ce, "Waɗannan ma masu kirki ne, sun bar shaida. Kuɗin babur da kake hawa zuwa shagon da ake hangowa daga ƙofar gidan nan, su ko sallama ba su yi."

Washegari ta sa ya kawo mata safa daga cikin marasa 'yan'uwa, irin waɗanda ke taruwa a kowane shagon wanki, masu su ba su taɓa waiwayarsu ba. Ta zaɓi huɗu ta maƙale su da abin shanya a igiya, bayan labulen ɗaki. Doguwar baƙa ta 'yan ƙwallo, ta inji ce: dubu ɗaya kullum, kafin a taɓa komai. Ruwan toka ta cefane da kuɗin makarantar yara. Mai zane-zane ta sabulu da wuta da ƙananan basussuka. Ta huɗun kuwa safar jariri ce, 'yar mitsitsiya, wadda ko babban yatsansa ba zai shiga ba.

"Wannan fa?"

"Taka ce. Lemo, biskit, kati, babur, duk a ciki. In ta ƙare, ta ƙare."

"Haba, uwar yara! Ko ta ɗan shekara biyar ba za ki ba ni ba?"

"In ka gama biyan basussuka zan ƙara maka shekara."

Makon farko Kumfa ya sha wahala. Ya zuba kuɗin sabulu a ta cefane, ya nemi na cefane a ta inji, ya tsaya gaban igiya yana magana shi kaɗai kamar mai haddar karatu. Ya fara tafiya shago a ƙafa, da gorar ruwa a hammata. 'Yan benci suka zo kamar kullum. Dogo ya miƙe ƙafa, ya yi gyaran murya, ya ce, "Kai, yau rana ta yi zafi."

Kumfa ya ce, "Wallahi kuwa." Ya miƙa masa gorar ruwa.

Dogo ya jujjuya gorar. "Wannan wane irin lemo ne, ba kala?"

"Sabon fitowa ne."

Kafin sati biyu benci ya yi fili, har kyanwa ta samu wurin kwana. Abin ya dame shi. A sati na biyar kunya ta kama shi, ya zari dubu ɗaya daga baƙar safa ya saya wa mutum huɗu lemo, ya ce a ransa ba wanda zai sani. Amma hannu ya riga ya saba. Ya tsince murafan ya jefa a aljihu. Da safe ya tarar matar ta jera su a gefen kofin shayinsa, guda huɗu. Ranar ya karɓi gugar labulen wani ofis da ya saba ƙi saboda wahala, ya mayar da dubun.

Ranar da wata biyu suka cika, matar ta ƙirga kuɗin baƙar safa sau biyu, dubu sittin cif. Ta ƙulle bakin safar ta ba shi. Ya isa shago ya ajiye ta a kan tebur, ya hau rarraba kayan wanki. Shekara ashirin hannunsa in ya ga safa abu ɗaya ya sani.

Wajen ƙarfe sha ɗaya mai kayan lantarki ya iso, mai kura na biye da shi.

"Kumfa, kuɗi ko inji?"

Kumfa ya washe baki. "Kuɗi, ranka ya daɗe. Suna cikin safa."

"Cikin me?"

Ya juya tebur, babu safa. Ya ɗaga dutsen guga, ya zazzage kwando, ya lalube aljihunsa har sau uku, ya leƙa ƙafafunsa ko ya sa ta bai sani ba. Mai kura ya fara kwance igiya. Can sai idon Kumfa ya faɗa kan gilashin injin. Ga baƙar safa tana juyi cikin kumfa, ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, kamar tana ɗaga masa hannu.

Ya kurma ihu, ya kashe injin. Da ƙofar ta buɗu ya zaro safar tana ɗigar ruwa, ya kwance ƙullin da haƙori. Kuɗin sun manne wa juna kamar danƙo, amma ko ɗaya bai yage ba.

Mai kayan lantarki ya ja da baya. "Ni ba zan karɓi jiƙaƙƙen kuɗi ba."

Kumfa ya ce, "Ranka ya daɗe, ka manta inda ka zo."

Ya jona dutsen guga, ya rage zafi, ya shimfiɗa farin ƙyalle. Ya riƙa ɓanɓaro takardun ɗaya bayan ɗaya, yana rufe su da ƙyallen yana gogewa, yana miƙa wa mutumin da ɗuminsu. Mai faci da mai kati suka taru suna taya ƙirga. Da aka kai sittin, mai kayan lantarki ya sunsuna kuɗin, ya zare biro daga kunne ya soke sunan Kumfa a littafi.

Ya ce, "Shekara talatin ina bin bashi, yau ne aka fara biya na da ƙamshi." Ya sallami mai kura, kurarsa wayam.

Sauran basussukan wata huɗu suka ɗauka, safa mai zane-zane ta cinye su ɗaya bayan ɗaya, har da na mai shayi. Ran da aka biya na ƙarshe, Kumfa ya leƙa bayan labule ya tarar an cire safar jariri. An maƙala ta ɗan shekara biyar.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, ba kullum babban abu ke jefa mutum cikin bashi ba. Sau da yawa ƙananan da muke rainawa ne, waɗanda muke cewa "nawa yake" kullum rana ta Allah. Kafin ka zargi aljihunka ko maƙwabcinka, tara shaidar abin da ka kashe na wata guda ka dube ta da idonka. Ka raba abin da kake samu gida-gida, ka fara cire haƙƙin mai binka kafin na maƙogwaronka, kada ka ci sabon bashi don toshe tsoho, kuma ka saurari na kusa da kai in ya nuna maka gaskiya. In ka yi tuntuɓe, ka mayar da abin da ka ɗauka ka ci gaba. Sai dai in a safa kake ajiya, don Allah ka nisanta ta da injin wanki.