Sallau Direban Tarakta da Shamuwar Tsamiya

Masu riƙon labari sun ce a Garin Bagaruwa an yi wani direban tarakta ana ce da shi Sallau. Shekara tara yana tuƙa taraktar Hajiya Delu, wadda ita ta kai shi koyon tuƙi tun bai san birki da totur ba. Aikinsu huɗa ne. Da ruwa ya sauka manoma su cika ƙofar Hajiya, ta yanka wa kowa ranarsa, Sallau ya bi gonakin ɗaya bayan ɗaya.

Wata shekara ruwan shuka ya sauka ran Alhamis, ran Juma'a sai ga saƙo daga wani babban kamfanin noman shinkafa: suna son Sallau, albashi ninki uku, amma ya zo ran Litinin. Manajan kamfanin ya ƙara da cewa in da hali ya jawo musu manoman da ke hayar taraktar Hajiya. Ga gonaki ashirin da bakwai na jiran huɗa. Sallau ba mugu ba ne, kunya ce ta yi masa yawa, irin kunyar nan mai sa mutum ya aikata abin da ya fi rashin kunya muni. Ya ga ba zai iya duban idon Hajiya ya ce zai tafi ba, sai ya ƙulla a ransa ya bar makulli a jikin tarakta ran Lahadi ya sulale.

Ran Asabar da azahar yana zaune gindin tsamiyar da ake ajiye taraktar, yana juya makulli yana magana shi kaɗai, sai wata tsohuwar shamuwa da ke da sheƙa a saman ta leƙo.

Ta ce, "Malam Sallau, in zancen tafiya ne ni ya kamata ka tambaya. Kowace shekara sai na bar tsamiyar nan, kowace shekara kuma in dawo in tarar ba wanda ya taɓa mini sheƙa."

Sallau ya ce, "Gwaggo, kada dai ki ce kar in tafi. 'Ya'yana shida."

Shamuwa ta ce ita ba ta hana kowa neman na kansa, sabo ai turken wawa ne. Amma tafiya suna ta tara. Ta ce masa ya gyara zama ya ji abin da ya sami Nomau makaɗi.

Ta ce: An yi wani makaɗin noma, Nomau, yaron Sarkin Noma Tukur. Ran gayya shi ke bin bayan manoma da ganga, in ya kaɗa taken Sarkin Noma, wato kiɗan da aka keɓe masa shi kaɗai, sai ka ga tsoho ya manta da ciwon baya. Ana nan wani attajirin manomi a wani gari, Alhaji Barau, ya aiko yana son Nomau, ya yi masa alkawarin gida da gona. Nomau ya ɗauki gangarsa ya kai wa Baba Shekarau mai rufin ganguna ya sake mata fata, ya kuma tsegunta masa zancen. Tsohon ya ci gaba da jan tsirkiya, ya ce kafin fata ta bushe bari ya ba shi labarin Jatau mai haƙar rijiya.

Baba Shekarau ya ce: Jatau ya yi shekaru yana shiga rijiya, maigidansa Bawale yana riƙe masa igiya a sama. Sai wani ɗan kwangila ya kira shi da lada mai tsoka. Jatau ya tambayi nawa ne, ya ji, ya yi murmushi, bai ƙara tambayar komai ba. Abu ɗaya dai ya yi na masu hankali. A lokacin suna tsakiyar wata rijiya da Bawale, ya ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ya tsaya kwana goma sha biyu har suka cim ma ruwa, sannan ya durƙusa ya nemi sallama. Bawale ya ji zafi, har ya kau da kai, amma ya sa masa albarka.

Da Jatau ya je wurin ɗan kwangila, ashe masu riƙe igiyarsa leburori ne, yau waɗannan gobe waɗancan, ba wanda ya san sunansa. Rannan yana can ƙasa, zurfin gaba goma sha takwas, leburorin suka ji an buɗe wani aiki mai sauƙi a bakin hanya. Suka janye guga, suka naɗe igiya suka tafi da ita, kowa na tsammanin wani ya fid da shi. Jatau ya yi ta kira tun hantsi har la'asar, iska tana yi masa ƙaranci, kafin wata mai itace ta ji shi ta sheƙa gari. Aka duba, duk ƙasar ba mai igiya mai wannan tsawo sai Bawale. Da aka gaya masa, ko tambaya bai yi ba, ya ɗora ta a jaki. Da ya jawo Jatau ya ba shi ruwa, bai ce ya dawo gida ba, cewa ya yi, "Gobe ka tambaye su wa zai riƙa riƙe maka igiya. In ba su da kowa, zan aiko maka da mutum."

Baba Shekarau ya miƙa wa Nomau gangarsa ya ce, "Abu biyu ke nan. Kafin ka tambayi nawa, tambayi wa ke riƙe da igiya. Tsohuwar igiyar kuma kada ka yanke ta, da tsohuwar zuma ake magani."

Shamuwa ta ce: Nomau ya ɗauki rabin maganar ya bar rabi a nan. Ya bincika halin Alhaji Barau sosai, ya tarar mutumin kirki ne mai cika alkawari. Amma sai ya tashi da safiyar ranar gayyar Sarkin Noma, ba sallama. Mutum saba'in suka taru a gona, aka yi ta duban hanya ba ganga, aka yi noma shiru kamar zaman makoki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Nomau ya isa bai shirya wa sabon ubangidansa take ba, ga gayya ta zo. Sai ya kaɗa taken Sarkin Noma, ya sa sunan Barau a ciki, don ƙarin armashi har ya yi wa tsohon ubangidansa zambo, wai rowarsa ta sa ko kaza ba ta kiwo a ƙofar rumbunsa. Alhaji Barau ya dakata, ya dogara da hauyarsa. Manoma ai sun san juna, ya sha jin wannan kiɗa a gonar mai shi.

Ya ce, "Wannan taken Tukur ne. Ka ci tuwonsa shekara nawa, yau ka kawo mini kayansa har da zagi a kai. To nawa, gidan wa za ka kai shi?"

Ya ba shi riga da kuɗin mota ya sallame shi. Nomau ya koma gida ya tarar wani na kaɗa wa Sarkin Noma. Ya je gaisuwa, aka amsa masa da fara'a, aka ba shi ruwa ya sha, shi ke nan. Gangar tana nan rataye har ɓera ya cinye fatar.

Shamuwa ta dubi Sallau ta ce, "Kai kuma ko rabin da Nomau ya ɗauka ba ka ɗauka ba. In injin ya lalace a hannunka, wa ke gyara? Da rani akwai aiki ko sallamarku ake yi? Ka tambaya?"

Sallau ya sunkuyar da kai, don ban da albashi bai tambayi komai ba. Can ya ce ita fa mene ne asirin sheƙarta. Ta ce ba wani asiri: ba ta taɓa tashi ta bar ƙwai a ciki ba, kuma da rana tsaka take tashi kowa na gani.

Sallau ya miƙe ya nufi gidan Hajiya Delu. Ya tarar tana ɓare gyaɗar iri, ya durƙusa ya faɗa mata komai, har da niyyarsa ta ran Lahadi. Hajiya ba ta daina ɓara ba. Ta ce ai manajan ya kira ta kwana goma da suka wuce yana tambayar halinsa, ya ce ran Juma'a zai aiko wa Sallau da saƙo.

"Na ce masa ya ɗauke ka, shekara tara ba ka taɓa barin gona rabi ba. Tun jiya nake duban ƙofar nan, Sallau, in ga ko za ka mai da ni maƙaryaciya."

Hawaye ya zubo wa Sallau, kunya ta gaske ta kama shi. A gabanta ya kira manajan, ya yi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce sai bayan mako uku zai zo, kuma shi kaɗai, manoman Hajiya na Hajiya ne. Manajan ya yi gunaguni ya ce zai duba, in sun sami wani kafin nan to. Sallau ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri.

Ya koma gindin tsamiya ya ɗaga kai ya ce, "Na ji, Gwaggo, na kuma ɗauka duka biyun." Ya ta da tarakta ya nufi gonar farko.

Kwana biyu da gama gona ta ashirin da bakwai sai ga motar kamfani. Da hantsi, mutane na kallo, Sallau ya sa makulli a tafin hannun Hajiya. Ta rataye shi a ƙusar ƙofar ɗakinta, ta ce, "Ka dai ga inda yake. Allah ya kiyaye hanya."