Ganyen da Malam Ilu Ya Murza

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ba a san famfo ba, wani bawan Allah ana ce masa Malam Ilu. Shi ba attajiri ba, ba mai sarauta ba. Sana'arsa aurar da itatuwa: ya yanko ido daga reshen lemo mai kyau, ya tsaga ɓawon gindin lemun tsami, ya cusa, ya ɗaure, su haɗe su zama bishiya ɗaya. A bayan ɗakinsa akwai lemo iri-iri, amma wanda ya fito da sunansa wani ne da wani alhaji ya kawo masa dashensa daga gabas. A waje lemo ne kamar kowane lemo, ka yanka ka ga ciki ja wur kamar zoɓo. Duk garin magana ɗaya ake yi: hannun Malam Ilu ba ya kuskure.

To, akwai wani tsoho masaƙin tabarma, Baba Cindo. Sau ɗaya ya ɗanɗana lemon nan, ya ce shi dai kafin ya mutu yana so ya tsinki irinsa a gidansa. Malam Ilu ya aura masa dashe, ya ba shi kyauta. Tsoho ya dasa a tsakar gida. Tulu biyu kullum daga rijiyar bakin gari, ga ciwon gwiwa. Shekara huɗu, jama'a! Tulu biyu, shekara huɗu.

Ran nan Malam Ilu ya je gaishe shi. Baba Cindo ya ja hannunsa yana murna. "Zo ka ga 'yarka, Ilu. Ta fi ni tsawo!"

Bishiya kam ta yi kyau, kore shar. Amma Malam Ilu na ɗaga ido ya ga ba daidai ba. Ƙaya ta yi yawa, ganye ƙanana. Ya tsinki ɗaya ya murza, ya kai hanci. Lemun tsami! Ya durƙusa ya duba gindi, sai ga idon da ya aura ya bushe tun tuni, ɗan tsinke baƙi. Tohon da ya fito ta ƙasan auren shi ya shanye ruwan, shi ya zama bishiya. Nan ya tuna: ranar da ya ba da dashen yana sauri, bai gaya wa tsohon ya riƙa fizge duk tohon da ya fito ta ƙasa ba. Magana ɗaya tak, ya manta.

Ku saurara, nan ne wurin. Wa ya sani? Babu. Sai Shaiɗan ya matso kunnensa: "Yi shiru, Ilu. Kyauta ka ba shi, ba sayarwa ba. In ta yi 'ya'ya da tsami a ce ƙasar gidan ce. Tsohon ma wa ya ce zai kai baɗi? Bar shi da farin cikinsa." Kun ji iya tsara magana? Har da tausayi ya saka a ciki, la'ananne.

Malam Ilu ya miƙe, ganyen na hannunsa. Ya ce, "Baba, wannan ba lemon da na yi maka alkawari ba ne. Lemun tsami kake shayarwa. Kuma ba laifinka ba ne, ba na ƙasa ba. Ni na manta ban gaya maka abin da ya kamata ba."

Tsoho ya zauna a kan turmi, hawaye na bin gemunsa. "Shekara huɗu, Ilu? Ni shekara nawa suka rage mini da za ka ci huɗu a ciki?"

Wallahi da mari ya yi masa da ya fi sauƙi. Malam Ilu ya ce, "Laifina ne, Baba. Ka yafe mini. Saiwar tana da ƙarfi, wahalarka ba ta tafi a banza ba. Ka bar ni in sare ta daidai ƙugu in sake aurawa. Ruwa kuma daga yau ni zan ɗebo."

Aka sare bishiya, maƙwabta na leƙe ta katanga. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa: "Ashe hannun Malam Ilu ma yana kuskure!" Kuna jira in ce ya yi arziki, ko? A'a. Wasu ma daina kiransa suka yi. Ya ji zafi ƙwarai, amma bai fasa ba. Kowace safiya ga shi da tulu, shekara uku cur.

A ta ukun bishiya ta yi 'ya'ya, guda biyar kacal. Baba Cindo lokacin ko miƙewa sai an taimaka masa. Malam Ilu ya riƙe shi har gindin bishiyar, tsoho ya tsinka da hannunsa, aka yanka. Ja wur. Ya tsotsa, ya tsotsa, ruwa na zuba a rigarsa. Sannan ya ce, "Ilu, da ka yi shiru, da na mutu ina shayar da lemun tsami ina sa maka albarka."

To, jama'a, gaskiya ba ita ce kawai kada ka ɗauki kayan wani ba. Gaskiya ita ce ka faɗi kuskuren da kai kaɗai ka gani, tun da sauran lokacin gyara, ko da sunanka zai taɓu. Kai magini, ka san tubalin da ka sa bai bushe ba. Kai makanike, ka san abin da ka bari ba ka ɗaure ba. Ke mai ɗinki, kin san inda almakashi ya zarce. Wani yana can yana ɗebo ruwa saboda ya yarda da kai, kwanakinsa na tafiya. Allah ya gani, kai ma ka gani. Tashi ka je ka gaya masa yau.