Wilfred Mai Ƙaho da Ambulan Mai Lamba 47

Akwai wani mabushin ƙaho a Makera, can kudu da kogin Kaduna, ana ce masa Wilfred. Jama'ar wannan shafi ku gyara zama, don ni kaina ranar da aka ba ni labarin nan sai da abincina ya huce a gabana.

Wilfred ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, amma ba da saƙa aka san shi ba. Ƙahon Turawa yake busawa, irin na 'yan ban, wato ƙungiyar makaɗa da mabusan coci, kuma kai, mutumin nan ya iya! In ya ɗaga ƙahon ya kama murya guda, sai ka gaji da jira bai sauke ba. Daga Makera har Kamazou, duk bikin da ba a ji ƙahonsa ba ana ganin bai cika ba.

Abu biyu ne suka yi masa katutu: sigari da ji da kai. Shekara goma sha takwas yana zuƙar kwali guda kullum. Ji da kan kuwa ba a magana. A ban ɗinsu akwai wani tela mai suna Sunday, mutum shiru-shiru, shi ke busa ƙaho na biyu. Wilfred bai taɓa kiransa da sunansa ba, kullum sai dai "ɗan rakiya".

Shekarar 1999 ce, sojoji sun ce za su koma bariki. Gari ya ɗauki zumuɗi, ko'ina ka zauna maganar farar hula ake yi. Mutanen unguwa suka shirya gagarumin taro a filin wata firamare ranar miƙa mulki, aka ce ban ɗin su Wilfred ne zai buɗe shi. Shugaban ban ya tsara sabon kiɗa wanda ƙarshensa doguwar busa ce ta mutum ɗaya. Ba sai na gaya muku wa aka ba wa wannan busar ba.

Sai dai tun watan Janairu tari ya sa shi gaba. Da ya je asibiti, likita ya ɗora masa abin sauraro a ƙirji, ya daɗe yana ji, sannan ya ce:

"In kana son ƙahon nan, ka bar sigari. Ban ce ka rage ba, cewa na yi ka bari."

Ya bari kuwa, har kwana huɗu.

Rana ta biyar yana zaune a teburin mai shayi, sai wani mutum mai farar shat da jakar hannu ya zauna kusa da shi. Ya ce sunansa Mista Ernest, daga sashen bincike na wani kamfanin taba yake. Sun fito da sabuwar sigari mai sauƙi, suna neman gogaggun mashaya su gwada ta. Har takarda ya zaro ya nuna masa: inji ya auna, kwaltar da ke cikin hayaƙinta da nikotin, wato sinadarin da ke sa mutum ya kasa bari, ba su kai rabin na sigarin kasuwa ba.

Sharaɗin ba wuya. Za a riƙa ba shi kyauta. Duk wadda ya sha kada ya yar da guntun, ya sa a ambulan mai lambarsa, ranar Asabar ya kai ofishinsu da ke Trikania ya amsa 'yan tambayoyi.

Wayyo murna! Wilfred ya ce Allah ne ya kawo masa mafita. Ga shi bai bar sigari ba, ga shi a ganinsa ya bi maganar likita. A wajen atisaye ya cika 'yan ban da surutu, wai yanzu kamfani guda ne ke neman shawararsa. Ya dubi Sunday ya ce akwai bambanci tsakanin wanda ake nema da wanda ke raka mutane. Sunday ya yi murmushi ya ci gaba da goge ƙahonsa.

Asabar ta farko ya saka kayan coci ya tafi Trikania. Tambayoyi kuwa kamar ba za su ƙare ba. Ƙarfe nawa kake kunna ta farko? Kafin shayi ko bayan shayi? In ranka ya ɓaci kara nawa kake sha? Daga nan suka sa ya zuƙa ta wani bututu da aka haɗa da inji, injin yana zana layi a takarda. Mista Ernest ya dubi takardar ya gyaɗa kai, ya ce duk cikin mutanensu ba wanda layinsa ya yi tsawon wannan.

Wilfred ya dawo gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Wai huhunsa ne ya zo na ɗaya.

To ga abin da bai gaya wa kowa ba. Sabuwar sigarin nan, in ya zuƙa sai ya ji kamar iska yake sha. Ba ta kai masa inda yake so. Sai ya shiga yi mata abin da ya saba yi wa ƙaho: ya cusa gindinta cikin baki sosai, ya datse leɓɓansa gam, ya ja tun daga cikinsa, ya riƙe hayaƙin ya daɗe. Nan take sai ta yi daidai. Kwali guda ya koma ɗaya da rabi, kafin bikin Ista ya kai biyu. In zuciyarsa ta tsinke sai ya ce ai mai sauƙi ce, biyunta ba ta kai ɗayan da ba.

Wilfred yana da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, sunanta Juliana. A Trikania take zaune, kuma ashe ta samu aikin wucin gadi a ɗakin baya na ofishin nan. Aikinta ta juye ambulan, ta sa reza ta tsaga soson da ke gindin kowane guntu, ta gwada launinsa da wani kati mai launuka daga fari-fari zuwa baƙi ƙirin. Ba a ba su suna, lamba kawai suke gani. Kuma duk ɗakin an san lamba 47, don sosonsa kullum yana ƙarshen katin.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci ta biya ta gidansa. Tana shiga ta ga ambulan a kan rediyo. Da ta karanta lambar sai da ta nemi kujera ta zauna.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta zaro kara ɗaya daga kwalinsa, ta ja shi bakin ƙofa inda rana take, ta ce ya duba gindinta da kyau. Ya ƙura ido. Can sai ya hango wasu 'yan ramuka jere sun zagaye soson, ƙanana kamar an huda da bakin allura.

"Ka gan su?" in ji ta. "Ta nan iska ke shiga ta tsinka hayaƙin. Injin da ya auna musu lambar da aka nuna maka ba shi da leɓe, ba shi da yatsa, ba ya toshe su. Kai kuwa da bakinka na busa kana rufe su kaf. Guntayenka ni nake tsagawa, Wilfred. Babu wanda ke kai hayaƙi ciki kamar kai."

Ta gaya masa abin da ta ji manyan ɗakin suna faɗa. Su sun san jikin mashayi yana da adadin nikotin ɗin da yake nema, in an rage masa sai ya ƙara zuƙa har ya cike gurbin. Abin da suke son sani shi ne yadda za su ƙera sigarin da za ta yi sauƙi a takarda amma ta riƙe mai shan ta kada ya gudu. Ta ce ba shawararsa ake nema ba, shi ake aunawa.

Jama'a, kun san me bawan Allahn nan ya yi? Dariya! Ya ce da girmanta, amma mai yankan shara ba za ta koya wa mabushi yadda ake numfashi ba. Masu digiri sun ce huhunsa ne na ɗaya, ita da reza za ta zo ta ƙaryata su?

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai, har idonta ya kawo ruwa. Ta ɗauki jakarta, ta ce ita dai ta faɗa, ta fita. Washegari ta je ta ajiye musu aikinsu.

Ranar taro ta zo. Kai, ranar Makera ta cika ta batse! Mata da anko, 'yan masaƙa da tutoci, 'yan kasuwa sun rufe shaguna, Musulmi da Kirista kafaɗa da kafaɗa, wasu har kan katanga. Ban ya shigo fili da fararen kaya, ganga na tashi, Wilfred a gaba ƙahonsa sai walƙiya yake yi. Mutane suna ta kiran sunansa.

Kiɗa ya yi kiɗa har aka zo ƙarshe. Ganguna suka yi tsit. Wilfred ya tako gaba, ya ɗaga ƙaho, ya ja numfashi.

Numfashin bai zo ba. Ya kama muryar da ƙyar, ta fita sirit tana rawa, kafin a ƙirga uku tari ya turnuƙe shi. Ya duƙe a bayan babbar ganga yana riƙe da ƙirji.

Muryar ba ta kai ga faɗuwa ba sai Sunday ya ɗauke ta daga inda ta tsaya. Tela ɗan rakiya ya riƙe ta, ya riƙe ta, ya haura da ita sama har fili ya ruɗe da ihu. Waɗanda ke baya ba sa ganin mai busawa, sai suka ɗauki kirari: "Wilfred! Wilfred!" Shi kuwa mai sunan yana durƙushe yana jin su, hawaye na zuba, ya kasa ko miƙewa.

Sunday ne ya kama shi ya kai shi inuwa. Har yau kuma ba a taɓa jin ya ce wa kowa shi ya yi busar ba.

A asibiti likita bai ɓoye masa komai ba. Ya ce hanyoyin iskar huhunsa sun ƙuntace. In ya bar taba yau zai rayu ya yi aikinsa, amma doguwar busa ya yi sallama da ita. Juliana ce zaune a bakin gadon. Ya kama hannunta ya ce, "Yaya, ki yafe mini." Ta ce ya yi shiru ya sha kununsa.

Bayan mako biyu yana zaune a ƙofar gida sai ga Mista Ernest da jakarsa, wai sun ga bai zo ba Asabar biyu. Wilfred ya ce ya bari. Ya gaya masa komai, tarin, taron, maganar likita. Sannan ya tambaye shi ko sun san abin da sigarin ke yi masa duk watannin nan.

Mista Ernest ya ce wannan ba sashensu ba ne. Ya yi masa sannu, sannan ya zaro takarda da biro ya gyara zama.

"Ɗan taimaka mini da wannan," in ji shi. "Tun da ka bari, wane lokaci ne a rana ka fi jin kewarta?"

Darasi: Babu sigari mai sauƙi, wanda ya ƙera ta ya san bakinka da halinka fiye da yadda ka san su. Kada yabon mai sayarwa ya sa ka raina gaskiyar ɗan'uwanka don kana ganin aikinsa ƙarami ne, kuma kada ka wulaƙanta na bayanka, wata rana shi zai rufa maka asiri. In kana da wani mashayi da kake ƙauna, tura masa labarin nan yau, kada ka bari sai numfashinsa ya ƙare.