Takardar da Ruwan Alwala Ya Wanke

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya haɗa mu zamani da shehinmu, masanin fiƙihu da hadisi, mai tsantseni da kawaici, wanda duk shekarun da ya yi a tsangayar nazarin Musulunci ba a taɓa jin ya ɗaga murya ko ya ambaci wani da sharri ba. Allah Ya ƙara masa yarda. Shi ne ya kafe a kan cewa ɗalibin digiri na biyu ba zai kammala ba sai ya yi zango guda a waje, wasu a asibiti, wasu a gidan yari, wasu a gidajen da ke ajiye da tsofaffin littattafan hannu.

Cikin ɗalibansa akwai wata mai kaifin basira, ga Larabci kamar ruwa, sai dai gaggawa, Allah Ya kyauta! Aka tura ta gidan wata dattijuwa da ta gaji littattafan mahaifinta, bisa sharaɗin ba hoto, ba fita da ko warƙa ɗaya. A cikinsu akwai takardar da marigayin ya rubuta wa 'yar tasa kafin tafiyar da bai dawo ba. Sun rabu yana fushi da ita, domin ta kifar da ruwa a kan littafin da ya shekara biyu yana kwafa. Ita ba ta karanta Larabci, kuma shekara arba'in tsoro ya hana ta bai wa kowa ya karanta mata, sai yanzu da ta saba da ɗalibar ta ce gobe a karanta, ko mene ne a ciki.

Da safe ɗalibar ta biya ofishin shehi ya sa mata hannu a takardar zuwa aiki. Ya miƙa mata wata takarda a ninke, ya ce: "Sa a jaka, 'yata. Kada ki buɗe sai kin faɗi abin da ke da wuyar faɗa." Shi kuwa, wallahi, bai taɓa taka gidan ba, bai taɓa ganin littattafan ba.

Da ta isa, don girmama rubutun ta sabunta alwala, ta shiga ɗakin da sauri, ta sunkuya kan takardar. Ashe bakin hijabinta ya jiƙe sharkaf. Ruwa ya ɗiga a tsakiyar rubutun, ta firgita ta goga da hannu, tawadar mutanen da kuwa ba ta jure ruwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Layi bakwai suka koma baƙin dabbare, ba abin da ya saura sai kalmar farko ta kowane layi.

Dattijuwar na zaune a bakin gado, idonta ba ya gani sosai, tana cewa: "Karanta mana, 'yar nan, na shirya." Shaiɗan ya raya wa ɗalibar ta ƙirƙiro wasu kalmomi masu daɗi, wa zai sani? Sai ta durƙusa tana kuka ta ce: "Hajiya, na ɓata ta. Ruwan alwalata ya wanke ta, ban karanta ko layi ɗaya ba."

Dattijuwar ta dafe ƙirji. "Shi ke nan, zan mutu ban sani ba."

Nan ɗalibar ta tuna da takardar shehi, ta buɗe. Layi bakwai ne da rubutunsa. Ta jera ta da wadda ta ɓaci, sai ga kalmar farko ta kowane layi ta zo daidai, har ta bakwai. Ta shiga karantawa tana fassarawa: "Zuwa ga Mai Dama Tawada. Littafi ana sake kwafarsa. Na yafe miki tun a ranar, girman kai ne ya hana ni faɗa, ke ma ki yafe mini."

Dattijuwar ta yi salati da ƙarfi. "Wa ya gaya miki wannan suna? Daga ni sai shi, ko mahaifiyata ba ta san yana kirana haka ba!" Ta daɗe tana kuka, sannan ta laluba ta kamo kan ɗalibar ta ce: "Tashi, 'yata. Ni ba zan bar ki ki jira shekara arba'in ba. Na yafe miki."

Ɗalibar ta koma ofishin shehi. Bai bari ta yi tambaya ba, ya ce: "Kin faɗa mata kafin ki buɗe?" Ta ce e. Ya ce: "To, alhamdu lillahi, aikin da na tura ki ke nan. Nan gaba ki riƙa matse hijabi." Ya mayar da kansa kan littafin da yake dubawa.

Tsarki ya tabbata ga Mai sanar da bayinSa na gari abin da Ya so. Ya Allah, Ka ƙara wa shehinmu daraja da nisan kwana, Ka ba mu albarkacinsa, Ka sa mu yafe wa juna tun muna iya faɗa da bakinmu. Amin.