Kunyar Hajiya Zulaiha

Admin don girman Allah kar ka sa sunana. Ku ma masu karantawa, in wani ya gane ni ya rufa min asiri, in aka ji a gida na kaɗe. Sunayen duk na canza su. Ban yi boko mai nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun.

Akwai wata mata a Ketaren Gwari, Inna Jummai, awara take soyawa a bakin titi. Maƙwabciyarta ta rasu ta bar yarinya 'yar shekara biyar, Zakiyya. Uba ba a san inda ya shiga ba, dangi kowa ya noƙe. Inna Jummai ta jawo ta ɗakinta, ko takarda babu.

Shekara biyu tana riƙonta. Ƙyanda ta kama yarinyar, ita ta yi jinya. Duk tsawon lokacin nan babu wani ɗan ofis da ya leƙo da ko sabulu guda.

Da za ta sa ta makaranta aka ce sai ta kawo takardar riƙo daga wajen 'yan walfiya, masu kula da marayu ɗin nan. Ta je da ƙafarta. Nan fa suka tuna suna da aiki. Suka zo suka ga ɗaki ɗaya da katifa ɗaya, suka yatsina fuska, wai wurin bai dace da yaro ba. Shekara biyu ya dace, sai ranar ne bai dace ba!

Suka ɗauke Zakiyya suka kai ta Barkin Sale gidan Hajiya Zulaiha, wai za ta riƙe ta wata shida a gani, in ya yi a sa hannu ta zama tata.

Hajiya Zulaiha irin matan nan ne masu ƙungiya, ko ruwan leda ta ba mutum sai an ɗauka a waya. Ƙawayenta duk suna taimakon marayu, ita ma take so a ce da ita a gidanta ma tana da guda. Ranar da aka kawo yarinyar an yi hoto ya kai talatin. Ta ɗora a intanet ta rubuta a ƙasa, "Ni da marainiyata."

Ana gama hoto aka cire wa Zakiyya sabuwar rigar da aka sa mata aka ninke.

Ba zan yi mata ƙarya ba, ba ta dukanta. Amma a sito take kwana kusa da buhun gawayi, abinci kuma a bayan kicin. Makarantar da aka ɗauke ta dominta, kullum sai an ce zango mai zuwa. Kar ku tambaye ni yadda na sani, na sani dai.

'Yan walfiya kuma in za su zo dubawa sai sun bugo waya tukuna. Kafin su iso an yi wanka an sa rigar hoto. Su zauna a falo, su sha lemo, su yaba tayil, su tafi. Tayil suke zuwa dubawa.

Inna Jummai duk Juma'a sai ta hau Keke ta zo da awara a leda. A bakin get ake tsayar da ita. Hajiya ta leƙo ta ce, "Baiwar Allah, kar ki lalata min yarinya da ƙazantar bakin titi."

Da Inna Jummai ta gaji sai ta koma ofishin, ta zauna a benci. Yau ta zo, gobe ta zo, ba ta faɗa da kowa, tana zaune kawai. An yi sa'a an kawo wata sabuwar ma'aikaciya, Madam Dorothy. Ita ce ta tsaya ta tambaye ta me take jira. Ta ji labarin, ta ce ranar sa hannu ita za ta je.

Ranar ta zo. In Hajiya ta sa hannu shi ke nan, Inna Jummai ta rasa yarinyar har abada.

An gyara falo, an soya kaji. Zakiyya na tsaye a bakin ƙofa cikin rigar hoto. Yasmin, autar Hajiya 'yar shekara huɗu, na wasa a kan kafet. Madam Dorothy ta rufe fayil ɗin ta ɗora a cinya. Hausarta irin ta 'yan gari ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

Ta ce, "Hajiya, yarinya nan, yaya sunan shi?"

Hajiya ta shiga laluben sunan. Ta san dai da "Za" ya fara. Zainab ne, Zahra'u ne, oho. Wata shida fa! Amma da yake gwana ce sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Haba Madam, ke ba Bahaushiya ba ce shi ya sa. Mu uwa ba ta faɗin sunan 'yar fari, kunya ce. Ni kuwa kamar 'yar fari na ɗauke ta, wallahi bakina ba zai iya ba."

Ku ji fa. Matar da take ƙwala wa 'yar farinta ta cikinta kira da sunanta tun daga get.

Madam Dorothy ta yi murmushi ta ce, "Hajiya, a Barkin Sale nan an haife ni, na san kunya. Amma mai kunya yana sa wani suna na gida. Wane ne kina kiran shi?"

"Eh to... Ummi. Ummi nake ce mata."

"To kira shi ya zo."

Hajiya ta lanƙwasa murya kamar mai tallan zuma. "Ummi! Zo nan 'yar lele."

Yarinya ko motsi. Har waigawa ta yi ta ga wa ake kira.

"Ummi, ba ki ji ba?"

Sai Yasmin ta ɗago kai ta ce, "Mami, wa ce Ummi? Ba haka kike cewa ba." Ta juya ta ƙwala da ƙarfi, da irin muryar uwarta sak, "Ke Walfiya! Dan ubanki ba ki ji ana kiranki?"

Da gudu Zakiyya ta zo ta durƙusa, ta miƙa hannu za ta kwashe kwanuka.

Hajiya sai cewa take, "Yara ke nan, yara ke nan," tana fifita da mayafi alhali fanka na juyawa.

Madam Dorothy ta riƙo hannun yarinyar ta ce, "Bari kwano. Yaya sunanki?"

Sai da ta kalli Hajiya, sannan ta faɗa can ƙasa-ƙasa.

"Wa yana kiranki haka?"

"Inna."

Ba a sa hannu ba. Madam ko kazar ba ta taɓa ba.

Sai da aka yi sati uku ana kai da kawowa, don manyan ofishin ba su so, Hajiya na da mutane. A ƙarshe dai aka mayar da Zakiyya Ketaren Gwari, da takarda wannan karon. Taimakon da suka ba Inna Jummai shi ne gidan sauro guda ɗaya, shi ma sai da suka yi hoto da shi. Amma yarinya tana aji ɗaya yanzu.

Hajiya kuwa ta gaya wa ƙungiya wai ita ta mayar da yarinyar don tana da mugun hali. Sai dai labari ya riga ta fita. In ta shiga biki, sai ka ji wata daga baya ta ce, "Ina Ummi?"

Darasi: Riƙo ba a falo ake gane shi ba. Wanda bai iya riƙe sunan yaro ba, ba zai riƙe yaron ba. Ku kuma 'yan ofis, ku daina buga waya kafin ku zo, ku shiga sito ku duba, ku taimaki masu riƙon gaskiya tun kafin su zo suna zaman benci. Don Allah ku tura wa wasu, don ba Zakiyya kaɗai ba ce, akwai ma wata a wannan layin da har yanzu... an buɗe get, ga Hajiya nan shigowa, bari in